Matsoraciyar da Ta Ɗauko Tsofaffi Huɗu

Duk wanda ya saba bi ta gaban kotun shari'a ta Sigli da sassafe ya san babur ɗin nan mai ruwan toka da ke tafiya kamar ana tura shi. Na Kak Yusnidar ne, Kak ɗin nan a harshenmu babbar yaya ke nan. Shekara ashirin da tara tana hawan babur a garin nan, ba ta taɓa wuce kowa a hanya ba, ko da mai keke ne. Takan ajiye shi a gindin mangwaro, ta ɗaure da sarƙa, ta yi taku biyar ta dawo ta sake jan sarƙar, sannan ta shiga shagon gahawar da ke kallon kotu, ta zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Gahawa baƙa, ba sukari. Kafin ta shanye, masinja ya liƙa jerin shari'un ranar, sai ta tsallaka titi ta kwafe su da hannu cikin littafinta. Daga nan sai famfon masallaci, domin ba ta rubuta labarin kotu sai da alwala. Mun yi mata tsiya a kan wannan har bakinmu ya gaji.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki a jaridarmu. Na san za a yi ɗan taro, a ci taliya, a ce jaruma ce. Ƙarya za a yi. Kak Yusnidar matsoraciya ce, kuma ba sharri nake yi mata ba, ita ma da bakinta take faɗa. Tana tsoron kare, tana tsoron agwagwa, tana tsoron gada, teku kuwa tun shekarar da ruwa ya cinye gaɓa ba ta ƙara kallonsa ido da ido ba. Ranar da ake bulala a harabar masallaci, mu muna turereniya a gaban dandamali, kowa na neman inda fuska za ta fito masa sosai, ita tana can baya ta rungume littafinta. Duk bulalar da ta sauka sai ka ga kafaɗarta ta motsa.

Amma akwai tsoron da ya fi duk waɗannan. Yawancinmu, tun da aka fara aiki da dokokin shari'a a ƙasar nan, mun ɗauki kanmu dakarunta ne. Mu Musulmi ne, shari'a tamu ce, to in an kama masu laifi mu buga suna mu buga fuska, na baya su ji tsoro. Kak Yusnidar ba ta taɓa sukar shari'a ba ko da wasa, sai dai ba ta buga sunan kowa sai alƙali ya yanke hukunci, ko bayan ya yanke ɗin ma harafin farko kawai take sawa, fuska kuwa sam. Editanmu Bang Tarmizi ya taɓa ƙulewa da ita a gabanmu.

"Wai ke kin fi mu imani ne, ko kin fi alƙali tausayi?"

"Na fi ku tsoro ne, Bang," in ji ta. "Wanda ya yi wa mace ƙazafi bai kawo shaidu ba, bulala tamanin ce a kansa. Wannan fa mutum ɗaya ne ya faɗa a gaban mutum biyu ko uku. Mu da muke faɗa wa gari guda kowace safiya fa? Wa zai iya ƙirga tamu?"

Bang Tarmizi ya ce ta tafi ta ba shi wuri. Amma mun lura, ranar bai ƙarasa cin abincinsa ba.

Ke ce alƙalami mai alwala, Kak. Ke ce ta benci na baya, wadda ta zauna shekaru tana sauraron alƙalai har fiƙihu ya zauna mata a ka ba tare da ta yi da'awar malanta ba. Ayyukanki suna da yawa, amma guda ɗaya zan faɗa, wanda ƙauye guda ya gani da ido.

Shekara bakwai ke nan. Wata Alhamis bayan la'asar, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, aka bugo mata waya daga wani ƙauyen masunta. Ba zan faɗi sunansa ba, ita ta koya mana haka. Aka ce samari sun yi kamu, sun ritsa mace da namiji a ɗaki, ta zo ta ɗauki labari.

Ko da ta isa an riga an gama abin da aka saba. A gaban meunasah, zauren sallar ƙauyen, an zaunar da mace da namiji a ƙasa, an yi musu wanka da ruwan kwata. Baƙi ƙirin, wari har bakin hanya. Wani ya jefo tsohon buhu, matar ta rufe kanta da shi. Mutane sun yi da'ira, kowa ya ɗaga waya sama. Kak Yusnidar ta ji kamar ta juya babur.

Shugaban samarin, wani dogo ana ce masa Ramli, shi ya tarye ta yana murmushi.

"Kak, kin makara, amma ga su nan da zafinsu. Ƙofa a rufe muka same su, ita ba ɗankwali, tana zuba masa shinkafa kamar amarya. Bazawara ce fa, mijinta bai shekara biyu a ƙasa ba. Ɗauki hoto mai kyau."

Matar, Darmiati, maƙwabta sun san ta da dakan 'ya'yan itacen mulieng tana sayarwa. Magana ɗaya take maimaitawa, muryarta ta dishe: "Yayana ne. Wallahi yayana ne."

"Kowa muka kama yaya ne," in ji Ramli. "Bara ma wani kawu muka kama." Aka kwashe da dariya. Ya ɗaga katunan shaidarsu biyu yana nuna wa jama'a. "Ga nata, ga nasa. Uba daban, uwa daban. Yaya daga ina, daga sama?"

Kak Yusnidar ta tsuguna cikin taɓon nan.

"Dek, ƙanwata, dube ni. Wane irin yaya?"

"Nono ɗaya muka sha, Kak. Uwata ta rasu ina 'yar kwana arba'in, uwar Bang Jailani ce ta shayar da ni. Shekara goma sha biyar yana aiki a Malesiya, jiya ya dawo. Ruwa ake yi, shi ya sa na tura ƙofa. Don me zan sa ɗankwali a gaban yayana?"

Aure ne ya kawo Darmiati bakin teku. Asalinta can kan duwatsu ne, gaba da Tangse, kuma duk ƙauyen nan ba wanda ya taɓa taka garinsu. Uwar da ta shayar da su ta daɗe da rasuwa. Katin shaida kuwa ba ya rubuta nono.

Dagaci, wanda kowa ke kira Pak Keuchik, ya yanke magana: gobe bayan Juma'a ƙauye zai zauna. In ba wata hujja, za a miƙa su ga hukuma, ita kuma ta kwashe kayanta ta bar garin, domin ba za a bar annoba ta sauka a kan jiragensu saboda mace ɗaya ba. Liman, Teungku Basyah, tsoho ne mai sanyin magana, aka tambaye shi batun shayarwar. Ya ce a mazhabarmu ba a tabbatar da ita da bakin mai ita, sai maza biyu, ko namiji da mata biyu, ko mata huɗu da suka gani.

"To ta je lahira ta ɗauko su," in ji wani daga baya.

Kak Yusnidar ta rufe littafinta ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ramli ya bi ta har wurin babur, ya dafa madubinsa.

"Kak, mun kira ki ne don ki taimaki addini. In kin zo kare masu baɗala ne, ki sani kwatar nan ba ta ƙafe ba. Kuma mun san gidanki."

Sau uku tana sa makulli bai shiga ba.

A bakin hanya ta tsaya ta bugo wa Bang Tarmizi. Kafin ta yi magana ya riga ta.

"Hoton ya zaga gari, har matata an tura mata. Ina labarin?"

"Babu labari yau, Bang. Ba ni zuwa azahar ɗin gobe."

"Ke kina da hankali kuwa? Gobe duk jaridu za su fito da shi, mu kaɗai za mu yi shiru? Kin san abin da za a ce. Za a ce an saye mu, 'yan koren Turawa ne mu. Ni fa 'ya'ya gare ni, ba na so a zo a yi mini zanga-zanga a ƙofar ofis."

"Ni ma tsoro nake ji, Bang. Amma in matar nan gaskiya take faɗa fa?"



"In ƙarya ce," ya ce, "ni da ke za mu sha ruwan kwatar nan. Allah ya isa tsakanina da ke, je ki."

Washegari, ana idar da asuba, ta ɗauki hanyar duwatsu. Wanda ya san hanyar nan da damina ya san ba wurin wasan matsoraci ba ne: dutse ta nan, rami ta can, ƙasa ta zabtaro a wuri biyu. Da hantsi ta kai inda hanya ta ƙare. Tsakaninta da garin su Darmiati akwai kogi, ya cika ya yi ja, kuma babu abin tsallakawa sai gadar igiya mai katako ɗai-ɗai. Wani manomi da ke wurin ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce ta tsaya ta fi minti goma tana motsa leɓe, ta juya ta koma wurin babur, ta sake dawowa. Daga ƙarshe sai ta rataya jakarta a wuya, ta durƙusa, ta tsallaka da rarrafe, idonta a rufe, tana salati da ƙarfi har ana ji a ɗaya gaɓar. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya. Ya ce da farko dariya ta kama shi, da ya ga fuskarta sai dariyar ta tsaya.

A can ta sami Nek Sapiah, tsohuwar ungozoma, tana shanya barkono. Tana jin sunan Darmiati da abin da aka yi mata, ta jefar da faifai.

"Ruwan kwata? 'Yar marigayiya Cut Aja? Ni na yanke mata cibiya fa! Ina 'yan banzan suke?"

Ita ta shiga gida-gida da sandarta, tana neman matan da suka ga shayarwar. Ta farko ta yarda nan take. Ta biyu ta ce tana da tukunya a wuta, Nek Sapiah ta ce tukunyar ta ƙone. Ta uku ba ta iya tafiya sosai, sai da ɗanta ya goya ta ya tsallakar da ita gadar. Kak Yusnidar ta sake rarrafawa a bayansu. Ta bar babur ɗinta a can, wannan karon ko sarƙa ba ta tuna ba, ta roƙi wani mai a-kori-kura da ke ɗaukar ayaba, aka shimfiɗa wa tsofaffi tabarma a baya. Duk hanya ido tana kan agogo, tsofaffi kuwa ɗaya na amai ɗaya na zagin direba.

Sun makara. Ko da suka isa an sauko Juma'a, meunasah ya cika har matakala, Pak Keuchik ya riga ya fara jawabi. An fito da 'yan kayan Darmiati an tara a ƙofar gidanta, turminta na sama. A gindin matakala kuwa ga bokiti biyu an cika, an ajiye.

Ramli ya tare hanya.

"Ga ta nan, lauyar masu baɗala. Jiya kin hana mu hoto, yau kuma me kika kwaso mana, gidan gajiyayyu?"

Wani ya ce, "A yi mata nata wankan!" Wani ya ɗaga bokiti. Waɗanda ke kusa sun ce leɓenta ya yi fari fat. Da ta yi magana, muryar siririya ce. Ba ta kalli Ramli ba, ta bayan kafaɗarsa ta leƙa.

"Teungku, jiya kai ka ce huɗu. Ga huɗu."

Teungku Basyah ya miƙe a hankali. "Ajiye bokitin nan, kai. Ku ba iyayenku hanya."

Bai yi musu sassauci don tsufansu ba. Ya sa aka raba su, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, wata ba ta jin abin da wata ta faɗa. Sunan wadda ta shayar, a wane gida, wace shekara, ido ya gani ko kunne ya ji. Kak Yusnidar na raɓe a jikin ginshiƙi, tana tsoron kowace tambaya, domin ba ta gwada su a hanya ba, ta ƙi ma yarda su tattauna maganar a mota. Tsohuwa ɗaya ta ruɗe, shi ke nan an gama da Darmiati, an gama da ita. Ta uku ta daɗe tana lalube kafin ta tuno shekarar, ta ce shekarar da giwaye suka cinye gonar ayabar liman. Ta huɗu, Nek Sapiah, ita ma giwayen ta ambata.

"Nek," in ji Teungku, "sharaɗi ne a sha sau biyar, kowanne har a ƙoshi. Kin tabbata ya kai biyar?"

"Biyar? Haba Teungku, kai ka taɓa ganin jaririn da ya rayu da sha biyar? Shekara ɗaya da rabi tana maƙale da marigayiya uwar Jailani. Shi yana dama, ita tana hagu, yana miƙa hannu yana yaƙushinta don ta sha masa. Duba bayan kunnenta, tabon yana nan."

Wata mata ta ɗaga gefen mayafin Darmiati ta duba, ta gyaɗa kai.

Teungku Basyah ya ce, "Muharraminta ne. Babu laifi a kansu ko na ƙwayar zarra." Sannan ya juya ga samarin, muryarsa ba ta tashi ba. "Saura ku. Jiya na ji kalmar da wasunku suka kira ta da ita, a gaban jama'a. Kun san hukuncin wanda ya faɗi wannan kalma ba shaidu. Haƙƙinta ne, in ta nema."

Nan tsoro ya sauya gida. Ramli ya zauna a matakala ba wanda ya ce masa zauna. Masu waya suka fara zura su aljihu. Kowa ya zuba wa Darmiati ido.

Ba ta ko kalle su ba. Wurin Kak Yusnidar ta nufa, ta kama hannunta da hannu biyu.

"Kak, an ce ke ba kya rubuta suna."

"Ba na rubutawa, Dek. Kwantar da hankalinki."

"Nawa ki rubuta. Cikakke, har na ubana. Ki sa fuskata. Sun zaga da ita gari da kwata a kai, to a gan ta a wanke."

Kak Yusnidar ta ce wannan ya fi gadar ba ta tsoro. Ta tambaye ta sau uku ko ta san abin da take nema, sau uku tana cewa ta sani. Ranar Asabar jaridarmu ta fito da hoton a shafin farko: Darmiati cikin farin mayafi, Jailani a gefenta, tsofaffi huɗu a zaune a gabansu, Nek Sapiah ta harari mai hoto. Bang Tarmizi da kansa ya rubuta kanun labarin. A shekara ashirin da tara, fuskar da Kak Yusnidar ta taɓa bugawa ke nan, ita kaɗai.

Darmiati tana nan a gidanta. Mutanen ƙauyen sun mayar mata da kayanta, sun yi mata bikin sanyaya zuciya, aka yayyafa mata ruwa da shinkafa, dattawa suka ba ta haƙuri. Da a ce labari ne na tatsuniya da nan ya ƙare. Amma magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi magana. Wancan na farko, na ruwan kwata, har yau yana yawo a wayoyin mutane. Kowace shekara sai ya taso, an sauya masa sunan gari, an ce jiya abin ya faru. Shi ya sa Darmiati ta kai shafin jaridar nan aka lulluɓe mata shi da leda, yana cikin jakarta duk inda ta je. In ta ga mace ta ƙura mata ido a kasuwa, ba ta jira a tambaye ta, sai ta ciro ta miƙa.

Kak, mun gode. Mun gode da alwalar da muka yi wa dariya. Ke ce kika nuna mana cewa ɗan jarida Musulmi shaida ne, kuma shaida za a tambaye shi, nan da can. Allah ya saka miki, ya sanyaya miki tsufa, ya amintar da ke ranar babban tsoro. Ku kuma 'yan baya, masu saurin yatsa, ba jarumta nake roƙonku ba, jarumai sun yi mana yawa. Ku ji tsoro. In an kira ku wurin kamu, ku tsuguna ku tambayi wanda ke ƙasa kafin ku ɗaga waya, in kuma hujjarsa tana bayan kogi, ku je ku ɗauko.

Gaskiya ni ma tsoro nake ji. Makon jiya Darmiati ta zo ofis, shafin nata ya koɗe, rubutun ya fara gogewa, tana neman a sake buga mata wani. A nan ta ji cewa Kak Yusnidar za ta tafi. Ta daɗe tsaye da takardar a hannu, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, mu goma sha ɗaya a ɗakin.

"To in aka kama wata," ta ce, "wa za a kira a cikinku?"

Har yanzu tana jiran amsarmu.